Daga Zuba Zuwa Abaji: Tarihin Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Gari a Ƙasar Nan



A taronmu na ƙarshen watan jiya wani dattijo daga cikinmu ya yi tambayar da ta sa wuri ya yi tsit. Ya ce shekarun nan motoci sai sauke mana iyalai suke yi daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, wasu ma tun daga Barno, da tabarminsu da tukwanensu da 'ya'yansu, to wa ke tarbarsu? Ya ce lokacin da shi ya zo garin nan yana saurayi, baƙo ba ya kwana biyu ba a san mai masaukinsa ba. Yanzu kuwa sai an yi rasuwa a wani kango a bayan gari sannan za ka ji ashe da mutane a ciki, wata da watanni suna nan ba wanda ya taɓa yi musu sannu da zuwa. Babu wanda ya iya ba shi amsa. Aka tashi a kan cewa ofishin sakatare ya tono mana tarihi, mu ga yadda na gabanmu suka yi da suka baro gida suka zo yankin nan, ko ma sami abin koyi.

Abin da muka gano a taƙaice shi ne, a ƙasar nan babu baƙon da ya taɓa zaunar da kansa. Duk ayarin da ya zo ya kafu, akwai wanda ya buɗe masa ƙofa, akwai kuma haƙƙin da ya riƙa sauke wa mai ƙofar. Duk inda ɗayan biyun nan ya yi rauni, zama ya gagara ko ya yi ɗaci.

MASU GIDAN DA MUKA TARAR

Kafin a yi maganar baƙo ya kamata a san mai gida. Abaji na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tare da Kwali da Gwagwalada da Kuje da Bwari da ta cikin birni. Ita ce ta ƙarshe a kan hanyar Lokoja kafin a shiga Jihar Kogi, kuma daga nan ne hanyar Toto da Nasarawa ta ɓalle ta yi gabas. Tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Yaba da Gawu da Gurdi da Nuku da Rimba da Pandagi. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 58,000, kuma kowa ya ga yadda unguwanni suka faɗaɗa ya san an wuce nan tuni.

Mutanen da muka tarar su ne Egbura da Ganagana da Bassa da Gbagyi da Gbari. Sarautar garin tana hannun Egbura, kuma Mai Martaba Ona na Abaji, Alhaji Adamu Baba Yunusa, shi ne shugaban majalisar sarakunan Babban Birnin Tarayya baki ɗaya. Egbura tsofaffin masu mulki ne a bakin Kwara da Binuwai. Suna da daular Igu, wadda cibiyarta take Koton Ƙarfe, da daular Panda, wadda Bature Macgregor Laird ya ziyarta a 1833 ya tarar da babban gari mai kasuwa da masaƙa. Yaƙe-yaƙen tsakiyar ƙarni na 19 suka tarwatsa Panda, mutanenta suka watsu, sarautarta ta koma Umaisha. Tarihinsu na baka ma yana danganta asalinsu da Kwararrafa. Ashe ke nan masu gidan namu su ma sun san zafin barin gida, sun san kuma wahalar kafa sabo.

MAKAU DA MUTANENSA

Wata babbar ƙaura da Hausawa suka yi zuwa wannan yanki ta faru ne sama da shekara 200 da suka wuce. A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soma a 1804, rundunar Malam Musa ta ci Zariya. Sarkin Zazzau na lokacin shi ne Muhammadu Makau. Tarihin da jikokin mutanensa suka rubuta, wato Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, ya ce yana filin Idi a bayan ganuwa aka auka masa, bai sami komawa cikin gari ba, sai ya miƙe kudu da waɗanda ke tare da shi. Irin ƙaurar nan ce da ba a ɗaure kaya, ba a sallami kowa. Duk wanda ya baro ƙauyensu da tsakar dare saboda 'yan bindiga ya san irinta.

A hanya Kauru ta rufe musu ƙofa, Kajuru ta buɗe. Daga can suka ci gaba har suka sauka a Zuba, garin Koro, tafiyar sama da kilomita 200 daga Zariya. Zubar nan da muke zuwa tasha da kasuwar 'ya'yan itace, ita ce ta ba Sarkin Zazzau masauki ranar da ya rasa gida.

Makau bai gina gari ba. Ya ƙare sauran rayuwarsa yana yaƙi, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin Abuja a 1828, ya soma ganuwarsa a shekarar da ta biyo. In aka lissafa, tsakanin fitowa daga Zariya da aza harsashin sabon gari an yi shekara 20 ko fiye. Yaran da aka goyo daga Zariya sun zama magidanta kafin iyayensu su haƙura su yarda cewa nan ne gida. Wannan abin lura ne ga 'yan uwanmu sababbin zuwa da ke cewa ba za su sa yara makaranta ba, ai gobe ko jibi za su koma. Allah Ya sa a koma lafiya. Amma goben nan takan yi nisa, yaro kuwa ba ya jira.

Da suka zauna, sai suka dasa Zazzau a sabon wuri. Suka riƙe sarautunsu na Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, da na mata irin su Iya da Sarauniya. Har yau sarkinsu Sarkin Zazzau ake ce masa. Riƙe al'ada bai hana su zama 'yan ƙasa ba.

Sai dai tarihin yana da ɓangaren da ba dama a tsallake. Masarautar Abuja ta daɗe tana kai hari a kan ƙauyukan Gbagyi da sauran maƙwabta. Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa ma Dodon Gwari. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan tare da mu a kasuwa da gona, kuma labari ba ya mutuwa a gidan da aka yi wa ɓarna. In wani lokaci muka ga ɗan ƙasa yana ɗari-ɗari da Bahaushe, mu san abin yana da tushe, hakuri da kyakkyawar mu'amala ne maganinsa.

Abin da takobi bai kawo ba ciniki da zumunci suka kawo. A zamanin Sarki Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe ciniki da Bida da Zariya, baƙi suka soma shigowa. Daga baya, a zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, tukwanen wata mata 'yar Gbagyi daga Kwali suka cika fada saboda sarki yana sha'awarsu. A can Bature Michael Cardew ya gan su, ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, matar ta shiga a 1954. Ita ce Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20. Fadar da a da take tura mahaya ƙauyukan Gbagyi, ita ce ta fito da 'yarsu duniya ta san ta.

HANYAR FATAKE DA TSARIN ZANGO

Yawancinmu a Abaji ba jikokin mayaƙan Makau ba ne. Kakanninmu da iyayenmu fatauci ne ya kawo su, ko sana'a, ko almajirci. Hanyar da ta haɗa Zariya da Lokoja ta ratsa wannan yanki tun da daɗewa, kuma muhimmancinta ya kai har Turawa suka mamaye Abuja a 1902 bisa dalilin cewa ana tare fatake a kanta. Ana gangarowa da kanwa da shanu da tufafi da fatu, ana haurawa da gishiri da goro da kayan da jiragen ruwa suka sauke a bakin Kwara.

Lokoja kanta garin baƙi ce. Likita William Baikie ya zauna a wurin wajen 1860 da yardar Etsu Nupe Masaba, Hausawa da Nufawa da Yarabawa suka taru a kansa. A can Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Can kuma Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu ya rasu a Lokoja a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya rasu a can a 1924, ƙaburburansu suna nan. Har sarakuna sun ɗanɗana baƙunci a wannan hanya tamu.

Fatake suna da tsari wanda ya sa mutum zai yi tafiyar wata uku ya sauka a garin da bai san kowa ba, kuma ya kwana cikin aminci. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai shige gaba ya nemo masauki. In an iso gari ba a kutsawa kai tsaye. Ana sauka a zango, wurin da sarkin gari ya ware wa baƙi, madugu ya kai gaisuwa fada, a biya abin da aka saba biya. A cikin zango akwai mai gida. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in rigima ta taso ya tsaya masa a gaban hukuma. Ladansa yana cikin la'ada. Amma in baƙon ya yi ɓarna, mai gida ake kamawa. Saboda haka ba ya karɓar mutum sai ya san daga ina yake, ɗan wane ne, wa ya turo shi. Da haka gari ya sami natsuwa da baƙo, baƙo ya sami gata.

Wannan tsari ne ya kafa Hausawa a wurare masu nisa. A Ibadan an ware unguwar Sabo a 1916 ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Wani masani mai suna Abner Cohen da ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya bayyana yadda cinikin shanu yake gudana a can: mai shanu daga Arewa bai san mahaucin Bayarabe ba, amma yana ba shi bashin shanu, domin mai gida ya san mahaucin kuma ya ɗauki lamuni. A Ankara ta ƙasar Gana, Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya fito daga Katsina, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a kan filin da sarakunan Ga suka ba shi. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, Hausawan can suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da wasu garuruwa, ko'ina kuma zango ne ya karɓe su. Alhaji Umaru Salaga, malamin nan haifaffen Kano, a Kete Karachi ya ƙare rayuwarsa a 1934, yana limamin mutanen da ya tarar da waɗanda suka same shi.

Dattawanmu na nan Abaji irin wannan labarin suke bayarwa game da zuwansu. Mutum ya sauka daga motar doya ko ta shanu, ya tambayi gidan Sarkin Hausawa ko na liman, a ba shi zaure. Washegari a kai shi wajen masu sana'arsa, mahauci wajen Sarkin Fawa, mai ɗinki wajen maɗinka, manomi a raka shi wajen mai gona ɗan ƙasa a roƙa masa aro. In kaka ta yi ya kai wa mai gonar abin da aka yi alkawari, ko da ba a tambaye shi ba. Bayan shekara biyu ko uku ya koma gida ya ɗauko iyali. Da ɗan gari akan ci gari, haka suka ɗauke ta, haka kuma ta yi musu.

SHEKARAR DA ƘASA TA ƘAURA DA MUTANENTA

Ƙaura ta uku ba ta yi kama da na baya ba, domin gwamnati ce da kanta ta tashi. A watan Agusta 1975 Janar Murtala Ramat Muhammad ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya yi shelar sabon birni, aka kafa shi da Doka ta 6 ta wannan shekara, kwana goma bayan shelar aka kashe shi. An yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta, ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Garin Abaji daga ɓangaren Kwara ya fito. A zamanin Turawa yana Lardin Kabba tare da Koton Ƙarfe, a 1967 ya shiga Jihar Kwara, a 1976 ya wayi gari a Birnin Tarayya. 'Yan uwansu na Koton Ƙarfe suka faɗa Jihar Kogi a 1991, na Toto da Umaisha suka faɗa Jihar Nasarawa a 1996. Mutum yana zaune a gidan kakansa, ba inda ya je, amma an sauya masa jiha da hukuma da dokar ƙasar da yake nomawa.

Shirin farko shi ne a kwashe duk mazauna yankin a kai su wajen iyaka. Da binciken da masanan Jami'ar Ibadan suka yi ya nuna ƙauyuka da mutane sun fi yadda aka zata, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin gwamnati, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara a 1978, ta ce waɗanda ginin birni ya shafa kai tsaye su kaɗai za a tayar. Haka aka sami Sabon Wuse a Jihar Neja, da sababbin Karu da Nyanya a ɓangaren da yake Nasarawa a yau. Daga baya aka kai wasu ƙauyukan Kubwa. An gina musu ɗakuna, amma gonaki da kushewun iyaye da itatuwan da suka gada suna can inda aka kafa ma'aikatu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ma'aikata ne aka riƙa kwasowa daga Legas zuwa Garki da Wuse da Nyanya da Karu, da yawansu ba da son ransu ba, sun bar iyali a baya. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, ƙaurar ta tabbata. A ƙidayar 2006 yankin ya kai mutum miliyan 1.4. Rushe-rushen gine-ginen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake minista, ya sake tura dubban mutane zuwa garuruwan gefe. Tsadar haya a birni ta ci gaba da turo wasu, har aka iso Gwagwalada da Kwali da nan Abaji.

Bambancin wannan ƙaura da ta fatake shi ne ba ta da mai gida. An ce birnin na kowa ne, kuma gaskiya ne a doka. Amma da yawa suka fassara shi da cewa ƙasar ba ta da masu ita, don haka ba wanda za a gaisar, ba wanda za a nemi izininsa. 'Yan asalin yankin kuwa suka tsinci kansu ba gwamna, ba majalisar jiha, sanata ɗaya tak, kuma sai a 2023 aka naɗa ɗansu, Zephaniah Jisalo, minista. Duk mai son ya fahimci abin da ke ransu, ya fara daga nan.

INDA ZAMA YA LALACE

Misalai biyu sun isa su nuna abin da ke faruwa in igiyar ta tsinke. Na farko a ƙofarmu yake. A 1997 da 1998 rikici ya ɓarke a Toto tsakanin Bassa da Egbura a kan sarauta da ƙasa da tambayar wa ya riga wa zuwa. An yi asarar rayuka, ƙauyuka suka ƙone, dubban mutane suka yi gudun hijira, wasu zuwa yankunan Birnin Tarayya da ke maƙwabtaka da su. Sai a shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, aka soma mayar da su, kuma wutar ta sake tashi a 2018. Ba mu kawo wannan don mu ɗora wa kowa laifi ba, dukkansu maƙwabtanmu ne kuma masu masaukinmu. Mun kawo shi ne don a ga cewa mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru tare ma gardamar baƙo da ɗan ƙasa tana iya raba su, balle mu da muka zo jiya.

Na biyu a Gana ya faru. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen zango da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota. Sun yi zaman lafiya da maƙwabta shekara da shekaru, amma ba su kula da takarda ba. Zamani ya sauya, amanar baka ita kaɗai ba ta isa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tarihin nan ya bar mana aiki, kuma ga yadda muke ganinsa.

Maganar mai masauki ita ce gaba. Matsalar satar mutane ta taɓa ƙauyukan yankin nan da dazuzzukan iyakarmu da Neja da Kogi da Nasarawa, kuma a irin wannan hali baƙon da ba a san shi ba shi ake fara zargi. Mutumin da ya gudo daga hannun 'yan bindiga sai ya zo nan a riƙa yi masa kallon ɗan bindiga, saboda kawai ba wanda zai ce na san shi. Muna ba da shawarar kowace unguwa ta fitar da mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa karɓar sababbin zuwa, su rubuta sunansu da garinsu, su kai su wajen mai unguwa da Sarkin Hausawa. Wanda ya zo da gaskiya zai yi murna da haka. Wanda ya ƙi a san shi, shi ma mun sami abin da muke nema.

Sai maganar fili. A bara wani ɗan uwanmu ya sayar da shanunsa biyu da suka tsira, ya sayi fili a hannun wani dillali da 'yar takardar hannu. Ya kai ginin linta sai wani ya zo da tasa takardar. Yau yana haya, kuɗin kuma sun tafi. A sani cewa sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa dukkan ƙasar Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma hukumar AGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Kada kowa ya biya kuɗi sai ya bincika a hukuma, ya kuma tambayi masu unguwa da dattawan wurin tarihin filin. Gonar aro kuwa a yi ta a gaban shaidu, a faɗi iyaka da shekaru da abin da za a bayar, kada a dasa itace sai da izini.

Game da takardu, a yi wa yara takardar haihuwa, a sa su makaranta ko da a tsakiyar zango aka zo, manya su nemi katin ɗan ƙasa, su mayar da katin zaɓensu nan. Zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli a Birnin Tarayya hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke gudanar da shi, kuma duk mazaunin da ya yi rajista yana da ƙuri'a. Sai dai a yi amfani da ita da hankali, kada a bari ɗan siyasa ya mayar da mu sandar dukan masu gida.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. A koyi gaisuwa da Egbura da Ganagana da Bassa da Gbagyi. A kira mutane da sunan da suke kiran kansu, wanda ya ce shi Gbagyi ne kada a nace da wani suna. A je musu gaisuwar mutuwa da biki, Musulminsu da Kiristansu. In dabba ta shiga gona a biya ɓarna tun kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda. Matanmu sun riga mu a wannan fage, don su ke haɗuwa a rijiya da asibiti da injin niƙa, kuma sau da yawa ta bakinsu muke jin an yi baƙi a unguwa. Ya kamata a ba su wuri a wannan aiki.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Amma a cikinmu akwai waɗanda suka zo da niyyar kaka ɗaya, yau jikokinsu ne ke jan salla a masallatan unguwa, wasu sun auri 'yan ƙasa, 'ya'yansu suna jin harshe uku. Kowannensu in ka tambaye shi zai gaya maka sunan mutumin da ya fara ba shi zaure da ƙwaryar tuwo. Bashin nan yana kanmu, kuma waɗanda za a biya su ne mutanen da ke kwana a kangayen bayan gari.

Za a tattauna waɗannan shawarwari a taro mai zuwa. Muna roƙon dattawanmu maza da mata da suka daɗe a garin nan su ba mu lokaci mu zo mu rubuta labarin zuwansu tun suna raye, da shekarar da suka zo da wanda ya sauke su. Wanda ya ga kuskure a abin da muka kawo ya gyara mana, za mu karɓa da godiya.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu na asali lafiya, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri, Ya ba mu ikon riƙe amanar zama tare.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.